Ango yana Ingila da bizar aiki: amarya ta bi shi yanzu, ko a jira ya samu zaman dindindin?

Yayan Amarya

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman haske daga waɗanda suka san harkar shige da ficen Birtaniya. An sa ranar ƙanwata da wani yaro da ke aiki a Ingila tun 2023 da bizar ma'aikatan lafiya, to magana ta rabu gida uku. Wasu sun ce da zarar an ɗaura a nema mata bizar aure, amma mun ji wai sai miji yana ɗaukar fam 29,000 a shekara, shi kuwa albashinsa bai kai haka ba. Wasu sun ce a yi mata bizar ziyara ta tafi, in ta isa can a canza. Shi kuma angon ya fi son a dakata har ya cika shekara biyar ya karɓi takardar zama tukuna. Wanne ne daidai? Sannan ɗaurin aure na masallaci ya wadatar ko sai an je rajista? Da wuya ya samu hutu ranar ɗaurin auren, ƙanin mahaifinsa ne zai karɓa masa.

Malam Mai Takardu

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri. An haɗa muku ƙofa biyu ne an mayar ɗaya, shi ya sa lissafin ya rikice.

Abin da ake kira bizar aure, mai sharaɗin fam 29,000, ta wanda ya auri ɗan ƙasar Birtaniya ce ko mai izinin zaman dindindin, wato ILR. Surukinku bai kai wannan matakin ba, don haka yau ko fam 50,000 yake ɗauka ba zai iya nema mata ita ba. Ƙofar da ke gabansa ita ce ta iyalin ma'aikaci: matar ta shiga a ƙarƙashin bizar aikinsa. Nan babu maganar 29,000. Abin da ake so na kuɗi shi ne fam 285 domin mata, 315 domin ɗan fari, 200 domin kowane yaro bayansa, su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun ragu ba ko na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe ta waɗannan kwanaki ta faɗo cikin kwana 31 kafin a tura takardar nema. In kamfanin da ya ɗauke shi ya rubuta a takardar ɗaukar nauyinsa cewa ya tsaya wa iyalinsa, ko wannan ba a nema.

Amma kafin a yi murna, a tambaye shi abu biyu: wane aiki aka rubuta a takardarsa ta CoS, wato takardar ɗaukar nauyi da kamfani ya ba shi, kuma yaushe aka ba shi biza ta farko. Kalmar "ma'aikatan lafiya" faffaɗa ce. Likita da nas suna kai iyali ba wata matsala. Masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya kuwa, masu lambar aiki 6135 da 6136, waɗanda a da ake rubuta musu 6145 da 6146, an rufe musu ƙofar kai iyali tun 11 ga Maris 2024. Wanda ya riga ya shiga wannan aiki kafin ranar, kuma izininsa bai taɓa yankewa ba, dokar ba ta hau kansa ba, ko da bai yi aure ba a lokacin. Tunda kun ce 2023 ya tafi, alamu sun nuna yana cikin waɗanda suka tsira, sai dai a ga takarda da ido. An ƙara irin wannan takunkumi ranar 22 ga Yuli 2025 kan sababbin shiga a ayyukan da ba su kai matakin digiri ba, a ranar ce kuma aka daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje baki ɗaya. Duk wanda ya ce muku yau zai sayar muku da gurbin wannan aiki daga Najeriya, ku riƙe kuɗinku.

Shawarar jira kuwa, ita ce mafi tsada cikin ukun, duk da ta fi kama da hankali a kunne. Dalili: dokar ta ce matar da take da izini a matsayin iyalinsa a ranar da ya samu ILR za ta ci gaba a kan wannan hanya, a ƙara mata har shekara uku, ta cika nata shekara biyar ta nemi nata zaman dindindin. Wadda ba ta shiga ba kafin ranar, ƙofar ta rufe mata. Daga nan sai bizar aure, da fam 29,000, da jarrabawar Turanci, da kuɗi mai yawa. Wato ranar da yake jira ta zo ya huta, ita ce ranar da sharaɗin da bai iya cikawa zai hau kansa.

Ku dubi bambancin kuɗin. A farashin Afrilun 2025, iyalin ma'aikacin lafiya suna biyan fam 304 in bizar ba ta wuce shekara uku ba, 590 in ta wuce, kuma an yafe musu harajin asibiti. Bizar aure daga waje, a wannan farashin, fam 1,938 ce, ga harajin asibiti fam 1,035 kowace shekara, wanda ake lissafa wata 33 na farko a matsayin shekara uku, 3,105 ke nan. Sama da fam 5,000 kafin a sayi tikitin jirgi, kuma bayan wata 33 a sake biya domin ƙarin wata 30. Amsa ma ta bambanta: ta iyalin ma'aikaci kan fito cikin mako uku, ta aure mako goma sha biyu. Farashin nan yakan motsa a watan Afrilu, a duba shafin gov.uk ranar da za a biya.

Bizar ziyara kuma ku cire ta daga lissafi. Ba a canza ta daga cikin ƙasar, ba zuwa ta iyalin ma'aikaci ba, ba zuwa ta aure ba. Dole ta dawo Najeriya ta nema daga nan. In kuma aka ɓoye aure ko niyyar zama a fom ɗin ziyara aka gano, yaudara ce a wurinsu, hukuncinta hana shiga har shekara goma.

Hajiya Ummu Khalil

Malam ya gama da maganar ƙofa, bari in ɗauki ta takardun aure, domin nan mutanenmu suka fi tuntuɓe.

Ƙa'idar Birtaniya ita ce: auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, ya inganta a wurinsu. Auren Musulunci da aka ɗaura a Najeriya aure ne a dokar Najeriya, saboda haka ba wajibi ba ne a je rajistar tarayya ta Ikoyi ko Abuja. Abin da ba makawa shi ne shaida a rubuce mai hatimi: takardar aure daga kotun shari'a, ko daga ƙaramar hukuma, mai ɗauke da cikakken sunan ango da amarya, rana, wuri, waliyyi, wakili, shaidu da sadaki. Takardar masallaci a haɗa da ita, amma kada ta tafi ita kaɗai. Kuma a nema a makon ɗaurin auren, ba sai bayan wata takwas ana cike fom a tuna ba.

Masu rugawa rajista domin wai ta fi ƙarfi su san abin da suke sa wa hannu. Auren rajista na mace ɗaya ne, wanda ya yi shi ba shi da damar ƙara aure a ƙarƙashin wannan doka muddin igiyar tana nan. Sannan yana haifar da ranar aure biyu. Fom ya ce Yuni, takarda ta ce Satumba, hotunan biki sun nuna wata ranar, jami'i ya fara tantama. Wanda ya riga ya yi duka biyun ya rubuta gajeren bayani ya haɗa, ya faɗi wanne aka fara.

Maganar ƙanin uba ya karɓi aure ba matsala ba ce. Aure ta hanyar wakili karɓaɓɓe ne in dokar wurin ta yarda da shi, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tabbatar da hakan a 2017 a shari'ar wani ɗan Ghana. Mu dama haka muke ɗaura aure, ango na iya zama a sahun baya wakilinsa na magana. Amma akwai sharaɗi na daban wanda wakili ba ya ɗauke wa kowa: dole ango da amarya sun taɓa haɗuwa ido da ido. Kiran bidiyo ba haɗuwa ba ne. In sun san juna kafin ya tafi, a nemo hujja. Mafi kyau dai ya samu ko mako biyu ya zo bayan ɗaurin aure, a samu tambarin shiga da fita a fasfonsa, da tikiti, da hotunansu tare cikin dangi. Auren da miji bai halarta ba, bai kuma zo ba bayansa, shi ne irin wanda ake ce wa ba a gamsu da gaskiyarsa ba.

Hujjar cewa aure yana raye ba ta buƙatar shafi ɗari huɗu na hirar WhatsApp. A zaɓo kaɗan daga kowane wata, inda suna da kwanan wata suka fito, da jerin kira, da rasit na kuɗin cefane da yake turowa da sunanta. Duk abin da ke cikin Hausa ko Larabci, har takardar auren, sai an fassara shi zuwa Turanci, mai fassarar ya rubuta cewa fassarar daidai take, ya sa kwanan wata, cikakken suna, sa hannu da adireshinsa.

Sunaye kuma a zauna a daidaita su tun yanzu. Aishatu a fasfo, Aisha a katin NIN, A'isha a takardar aure, mahaifi Muhammad a nan Mohammed a can. Mu mun san mutum ɗaya ce, wanda ke duba takarda a kwamfuta bai sani ba. Yadda aka rubuta a fasfo, haka za a ba malamin kotu ya kwafa harafi da harafi.

Abu uku da ba a so a tambaya a gaban surukai amma dole a tambaya. Shekarunta sun kai 18? In ba su kai ba ranar nema, ba biza. Ya taɓa aure? In ya taɓa, ina takardar saki, kuma a ina ya furta shi? Sakin da mutum ya yi yana zaune a Ingila, ta waya ko ta saƙo, dokar can ba ta san da shi ba, domin a cikin ƙasar kotu ce kaɗai ke raba aure. A idonsu matar farko tana nan. Na uku, yana da wata matar? In yana da ita kuma ta taɓa shiga Birtaniya a matsayin matarsa, ta biyu ba za ta samu izini ta hanyar aure ba. Auren zumunci kuwa, ɗan wa da 'yar ƙani, dokarsu ba ta hana ba.

A gefe guda, ga masu tunanin a bari sai an je can a ɗaura: ɗaurin auren da aka yi a falo ko a masallacin da ba shi da rajistar ɗaura aure a Ingila ba aure ba ne a dokarsu, kotun ɗaukaka ƙara ta faɗi haka a Fabrairun 2020. Na Kano ya fi na birnin Bradford na Ingila ƙarfi a wannan fuskar.

Yayan Amarya

Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya na gode. Na tambaye shi. Kula da tsofaffi yake yi, Agustan 2023 ya shiga, ya canza kamfani sau ɗaya, albashinsa wajen fam 24,000. Bai taɓa aure ba, ita kuma shekararta 23. Canjin kamfanin zai ɓata? Kuma in an ce an makara sai ta bizar aure, ba yadda za a cike giɓin?

Malam Mai Takardu

Canjin kamfani ba ya ɓatawa in ya samu sabuwar biza kafin ya fara sabon aikin, kuma bai fita daga rukunin aikin ba. Ya tura muku wasiƙun amincewa duka biyu ku duba cewa babu tazara tsakaninsu. Ku kuma duba ranar ƙarewar ta yanzu, domin bizar matar tana mutuwa rana ɗaya da tasa. In saura wata uku ko huɗu, gara ya sabunta tukuna sannan ta nema, kada a biya sau biyu a shekara guda.

Jerin aikin kuwa gajere ne. Fasfo. Gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, irin na IOM, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Abuja ko Legas, ba kowane asibiti ba, kuma takardar wata shida take yi, kada a yi ta da wuri. Fom a intanet, inda za a sa lambar takardar neman mijin domin a haɗa su. Biyan kuɗi. Sai zuwa ofishin VFS Global, kamfanin da ke karɓar masu neman bizar Birtaniya, a ɗauki hoto da zanen yatsu.

Giɓin albashi a bizar aure ana cike shi da ajiya, ga yadda ake lissafi: a cire albashi daga 29,000, a ninka abin da ya rage sau biyu da rabi, a ƙara 16,000. Nasa: saura 5,000, ya zama 12,500, a ƙara 16,000, fam 28,500 ke nan. Wanda ba shi da albashi ko kaɗan, 88,500. Kuɗin su yi wata shida cur a asusunsa ko nata, su zama nasu ne na kansu. Kyauta daga dangi ta halatta in an bayyana tushenta, rance bai halatta ba. Kuɗin da wani ɗan canji zai zuba yau ya kwashe bayan an buga bayanan asusu, shi ya fi kowane abu jawo ƙin amincewa. Albashinta na Najeriya ba ya shiga lissafi. Nasa kuma sai da takardun albashi na wata shida a kamfani ɗaya, da bayanan banki da suka nuna shigar kuɗin daidai da su, da wasiƙar kamfani, na ƙarshensu bai wuce kwana 28 ba ranar nema. Ga jarrabawar Turanci matakin A1, ji da magana, a cibiyar da suka amince da ita. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa, sai dai mai digirin da aka koyar da Turanci ta kai shi Ecctis, mai tantance takardun karatu, ta tantance.

Baban Sadiq

Na yarda ta shiga yanzu ya fi, amma Malam ka nuna wa Yayan Amarya zumar ba ka nuna masa harbin ba. Shi da zai ba da ƙanwa ya kamata ya san a kan me za ta tsaya.

Bizar iyalin ma'aikaci rataye take a wuyan kamfani. In aka kori mijin, ko aka ƙwace lasisin kamfanin, kuma gidajen kula da tsofaffi da yawa sun rasa lasisi a 'yan shekarun nan, ana rage izininsa zuwa kwana 60 ya nemo wani mai ɗaukar nauyi, nata ma haka. Ba su da haƙƙin tallafin gwamnati ko na haya. Abin da ke sauƙaƙa wannan shi ne ita tana da damar yin kusan kowane aiki, ba a ɗaure ta da kamfani ba, don haka in tana da sana'a ko takardar karatu ta tafi da su.

In aure ya mutu, Allah ya kiyaye, bambancin ya fi fitowa. Matar ɗan ƙasa ko mai ILR da ta shigo da bizar aure, in mijin ya rasu ko ya zalunce ta da duka ko tsangwama, tana da hanyar neman zaman dindindin kai tsaye. Matar ma'aikaci ba ta da wannan. Abin da aka tanadar mata in an zalunce ta, tun 2024, izinin wata uku ne da tallafi domin ta samu mafaka ta yanke shawara. Saboda haka asusunta na biza a intanet, tunda yanzu an daina ba da kati, a buɗe shi da imel ɗinta da lambar wayarta, fasfonta kuma ya zauna a hannunta. Ba zargin kowa ba ne, tsari ne.

Sai maganar zuwa gida. Domin ta samu ILR a wannan hanya, kada ta wuce kwana 180 a wajen ƙasar cikin kowane wata goma sha biyu. Al'adarmu ta haihuwar fari a gaban uwa tana cin wannan lissafi ba a sani ba: ta taho da cikin wata bakwai, ta haihu, a yi arba'in, a jira fasfon jariri da bizarsa, sai ga wata bakwai sun wuce, shekarun da ta tara sun zube. Yaron da aka haifa a Ingila ma ba ya zama ɗan ƙasa sai in ɗaya daga iyayensa yana da ILR ko ɗan ƙasa ne ranar haihuwa. In babu, sai a yi masa rajista bayan uban ya samu.

Kuma kada a gina komai a kan cewa 2028, shekarar da zai cika biyar ya samu ILR, tabbas ce. A watan Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta fitar da kundin manufa da ke neman mayar da shekara biyar ta ma'aikata zuwa goma, ta bar matan 'yan ƙasa a kan biyar. Wannan ma hujja ce cewa kada a jira: ana iya cewa amarya ta dakata shekara biyu, biyun su zama bakwai.

Hajiya Ummu Khalil

Ƙari kaɗan a kan na Baban Sadiq, domin wasu na karantawa da yanayinsu ya juya: su ne ke can da bizar aiki, suka samu mai takardar ƙasa za su aura. Wannan yana iya komawa bizar aure daga cikin ƙasar, kuma a nan albashin mutum biyun ake haɗawa a kai 29,000. Ana ba da sanarwa a ofishin rajista kwana 28 kafin aure, in ma'aikatar cikin gida ta ce za ta bincika ya zama kwana 70. Ribarsa ya kuɓuta daga hannun kamfani. Hasararsa agogo ya koma sifili, domin shekarun bizar aiki ba a haɗa su da biyar ɗin bizar aure. Mai shekara ɗaya a aiki da kamfani mai tangal-tangal ya canza. Mai shekara huɗu ya yi aurensa ya zauna a kan bizarsa.

Yayan Amarya, in za ku biya wani ya duba muku takardu, ku tambayi lambar rajistarsa da IAA, hukumar Birtaniya mai kula da masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC, ko ku tabbatar lauya ne mai lasisi a can. Kuma ko wa ya cike fom ɗin, ita ta karanta kowane layi kafin a tura, musamman tambayar ko an taɓa hana ta bizar wata ƙasa. Sunanta ne a kai, ba na ejan ba.